Hatimin da Na Kama a Wayata

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kusa rushe auren autata da hannuna, kuma a kan lissafi. Ni kuwa rabona da lissafin boko tun aji uku na firamare, lokacin da mahaifina ya ga na fi amfani a mahauta. Ka tsayar mini da sa, in zagaya shi sau ɗaya in faɗa maka tsire nawa zai yi. Amma ka rubuta mini abu a takarda, sai na hau laluben tabarau (ba don in gani ba, don in sami lokacin shirya ƙaryar da zan yi).

Autar tawa Hajara tana karatun zama malamar makaranta. Mai nemanta Nasiru ne, ɗan Dundaye, yana koyar da lissafi a wata sakandare. Yaro mai ladabi, har ladabin ya fara damuna, don ni a ƙuruciyata duk ranar da na cika ladabi to akwai abin da na aikata.

Ana saura mako biyu iyayensa su zo neman aure, wayar Hajara ta faɗa bahon wanki. Sai ta koma aron tawa, wata tsohuwa mai tsagaggiyar fuska da babban ɗana ya gaji da ita ya ba ni. Ashe Nasiru yana da shafi a intanet inda yake ɗora wa ɗalibai darasi, shi ya turo mata ta yi bitar jarrabawa. Wannan duk daga baya na sani.

Abin da na gani kawai shi ne yarinya ta canza. Ta rage cin abinci, ta zauna ta ƙura wa waya ido tana motsa baki. Ran nan na ji ta yi tsaki ta ce, "Ya ƙi hitowa."

Na ce, "Ke, mi yaƙ ƙi hitowa?"

Ta ce, "Ba komi Baba, abin Nasiru na."

Ta tashi sallar la'asar ta bar wayar a kan tabarma. Na ɗauka don in duba lokaci (haka na faɗa wa uwarta, kuma har yau ban janye ba). Jama'a, abin da na gani! Turanci layi biyu a sama, wannan ban damu da shi ba, na saba rashin gane shi. Amma ƙasansa ƙananan akwatuna ne a jere, wasu babu komai ciki, wasu da alamar tambaya. Ga sanduna a karkace, ga wasu baka-baka masu ƙugiya suna rungume da lambobi, ga wani abu kamar maciji an soke shi da tsinke, ɗaya a farkon layi ɗaya a ƙarshe. Ba boko ba, ba ajami ba. Na kawo wayar kusa, na kai ta nesa, na rufe ido ɗaya. Inda kawai na taɓa ganin gidaje a jere da lambobi haka shi ne hatimi.

Washegari na nufi wajen Hubbare, inda baƙi ke zuwa ziyara, gun abokina Buba. Turare da tasbaha yake sayarwa, amma saboda girman rawaninsa baƙi na ce masa Malam, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ta a kwance. Rubutun ya juyo ya fuskance shi. Ya mayar da ita tsaye, rubutun ya sake biyo shi. Buba ya ajiye ta a hankali kan buhu ya ja da baya.

Ya ce, "Ka gani ko? Wanga abu shina kallon mutum."

Na ce, "To na mallaka na, ko na mi?"

Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin irinai ba. Kuma abin da ban taɓa gani ba, babba na."

Kwana da kwanaki ina yawo da abin nan a ciki. In ce asiri ne, to me ya kai asiri intanet? In ce ba asiri ba ne, to me ya sa yake juyowa? Hajara tana gabana kullum, amma ban tambaye ta ba, wai kada abin ya ji.

Ranar Asabar baffannin Nasiru uku suka zo gidan yayana Alhaji Mudi a Unguwar Rogo, da goro da alawa. Kowa ya san uban yarinya ba ya zama a irin wannan wuri. Nawa shi ne in ɓuya a gida a kawo mini labari. Ni kuwa sai ga ni na yi sallama na kutsa zaure, waya a sama kamar na kamo ɓarawo.

Yaya ya zaro ido. "Kai kuma lahiya?"

Na ce, "A dakata da addu'a! A faɗa min mi ɗanku ke tura ma ɗiyata."

Wayar ta zaga hannu-hannu. Babban baffan, wani dattijo siriri da ya yi ritaya daga koyarwa, ya duba ya ce shi ma bai gane ba. Nan na ƙara hura hanci. Aka aika kiran Nasiru, wanda ya tuƙo su ya laɓe cikin mota a bakin titi. Ya shigo ya durƙusa, kai a ƙasa, aka miƙa masa. Ya duba. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na ce a raina asiri ya tonu, kuka yake. Ashe dariya yake dannewa.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni, lissahi na."

Na ce, "Lissahin wa? Ni ma na yi aji uku!"

Ya ciro tasa wayar ya buɗe shafin, ya ajiye su gefe da gefe a kan darduma. Turancin sama iri ɗaya. Amma inda tawa ke da akwatuna da macizai, tasa lambobi ne tsaf, ɗaya bisa ɗaya da layi a tsakani, irin wanda ko ni na tuna ana ce masa kashi. Ya yi bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya: wai shafin a dunƙule yake aiko lissafin, burauza, wato abin da waya ke buɗe shafi da shi, ita ke warware shi ta zana. Tawa ta tsufa, ba ta iya ba, sai ta zubo shi yadda ya zo.

Yaya ya ce, "Wato ta kawo maka kayan ciki ba a wanke ba."

Na yi ƙarfin hali na ce, "To juyawar hwa? Ya juyo ya kalli Buba!"

Ƙaramin baffan ya karkata tasa wayar, hoton jikarsa ya juyo ya kalle ni. Nasiru kuma ya ɗan latsa tawa, ya sauko da wata sabuwar burauzar, ya sake buɗe shafin. A gaban idona hatimina ya narke ya zama darasi na huɗu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi zafi. Babban baffan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji Mudi, mun zo neman iri, an ce muna da boka. Sai mun yi shawara." Suka fita, ko ƙullin goron ba a kwance ba.

A gida Hajara ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Baba, da ka tambaye ni. Abin da nike cewa ya ƙi hitowa ke nan." Uwarta kuwa abin da ta faɗa ba zai rubutu ba.

Lahadi da hantsi Yaya ya tasa ni gaba har Dundaye. Ni da ya kamata a zo a durƙusa mini, ni na tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida na durƙusa. Dattijon ya bar ni a haka har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce ya haƙura, da sharaɗin in maimaita bayanin da Nasiru ya yi. Na ce, "Wayata ta tsuhwa, mai ita ya hi ta." Ya yi dariya har da tari, aka sa rana.

Yanzu jikana na wajensu har ya fara tafiya. Ni kuma na koyi abu ɗaya: in na ga rubutun da ya fi ƙarfina, ba na fara zargin aljanu. Nakan fara zargin wayar, in ta kuɓuta in zargi kaina, kuma galibi a nan binciken ke tsayawa.