Yadda Malam Malti Ya Nemi Shugabancin Bene

Duk benen da ya samu Malam Malti a cikin 'yan hayarsa, ai sai godiyar Allah. Wasu gidajen suna taƙama da famfo mai ruwa, wasu da fitilar matakala mai kamawa. Wannan benen ba shi da ko ɗaya, amma yana da mutumin da ya san asalin kalmomin Turanci tun daga kakanninsu na Latin. To me kuma ake nema?

Tsohon akawu ne, ya yi ritaya da tabarau biyu da kalma guda. Kalmar ita ce malti, wadda ake liƙa wa kalmomin Turanci a goshi ta ba su ma'anar yawa. Daga nan sunan ya bi shi, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, a zatonsa digiri ne.

Ilimin Malam ba na rowa ba ne, a matakala yake rabonsa kyauta. Wata rana matar tela tana hawa da bokitin ruwa a ka, ya tare hanya.

"Maƙwabciya, kin san maltiplai? Ninkawa ke nan. Multus, da yawa. Pilikare, naɗewa, kamar yadda mijinki yake naɗe yadi. Kin ga ashe gidanku cike yake da Latin ba ku sani ba!"

Baiwar Allah ta tsaya wuyanta na rawa har ya kai aya. Ran da direban da ke zaune a hawa na biyu ya sayo wa tsohuwarsa maltibitamin kuwa, Malam ya karɓe kwalbar ya riƙe, ya yi bayanin cewa bita rai ke nan a Latin, saboda haka kwalbar nan rayuka ce jingim. Ita tsohuwar da ake ta ranta tana ɗaki tana jira. Shi da kansa maltilingwal ne, wato mai harsuna da yawa, kuma duk sanda zai faɗi haka sai ya zaro harshensa waje ya nuna, don lingwa harshe ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Da shugaban 'yan haya ya tashi daga benen, Malam ya ga abin nema ya samu. Kujerar ba albashi, sai makullin ɗakin taro da hatimin roba, amma shi ya ƙwallafa rai a kanta har abinci ba ya wuce masa. Abokin takararsa wani mai kanti ne da ake kira Gyangyaɗi, wanda matarsa ce ta tsayar da shi don ya riƙa fita daga ɗaki.

Aka taru da yamma a ɗakin taro, mutum goma sha uku a kan kujerun roba, ban da Gyangyaɗi da mai ƙirga. Inna Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ba ta san wasa ba, ita ce mai ƙirga. Ta faɗi doka: hannu ɗaya, ƙuri'a ɗaya, hannun da ya tashi ya tashi, ba a mayar da shi.

Gyangyaɗi ya miƙe ya ce zai duba maganar famfo in Allah ya yarda, ya zauna ya lumshe ido. Sai Malam ya tashi, ya canza tabarau.

"Ya ku maltitud, wato taro mai yawa! Mulkina zai zama maltilataral. Latus, gefe ke nan. Benen nan gefe huɗu gare shi, kuma kowane gefe zai ji a jikinsa. Za mu shafe bango maltikala. Ruwa kuwa, ai ruwa ƙaramar magana ce ga wanda ya san tushe."

Duk da haka lissafi yana wajensa. Akwai maiɗakinsa, akwai ƙaninta, akwai huɗu da suka yi masa alkawari don ya sakar musu hanya. Da shi bakwai.

"Masu son Gyangyaɗi," in ji Inna Nas.

Hannaye shida suka tashi. Malam ya ƙirga ta ƙasan tabarau, zuciyarsa fes. Ya ci! Abin da ya rage kawai ya zauna shiru Inna Nas ta gama zagaye.

Sai tela, hannunsa a sama, ya karkata wajen direba ya ce a hankali, "Ni fa na ji an ce maltin nan ma Girkanci ne."

Wayyo. Malam ya ji kamar an taka masa ƙurji. Ya cije leɓe. Girkanci? A gabansa, yana raye? Maiɗakinsa ta ga alamar, ta damƙe masa gefen riga.

"Malam, don girman Allah ka bari a gama."

Ya kai zuciya nesa, wallahi ya kai, har ya zauna a kan hannunsa. Amma da direba ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe," sai hannun ya ƙwace ya yi sama, yatsa a miƙe.

"Gyara! Na Girka poli ne! Malti ɗan Latin ne gaba da baya!"

"Bakwai," in ji Inna Nas.

"A'a, Inna, wannan hannun ilimi ne, ba na zaɓe ba!"

"Ni hannu na gani. Masu son Malti?"

Shida suka ɗaga, suna kallon ƙasa. Ɗakin ya fashe da dariya, har matar tela tana riƙe ciki. Aka tashi Gyangyaɗi daga barci aka danƙa masa makulli da hatimi, yana tambayar ko lafiya.

Malam ya hau matakala jiki a sanyaye, maiɗakinsa a gaba, ta cika fam, ko waiwaye ba ta yi. Sai da suka kai ƙofa ta juyo.

"To masani, mutum ɗaya tilo da ya kayar da kansa da hannunsa, me ake ce masa da Latin?"

Malam ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe, ya canza tabarau, ya gyara murya.