Batirin da Na Ciza

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin a Gashua ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran ranaku. Lokacin ni ne mai gadi kuma mai shara a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa da tattasai. Bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a bakin kogi na yi shi. Amma fa makullin ɗakin kwamfuta a aljihuna yake kwana (wanda ya yanke wannan shawara, Allah ya yafe masa).

A ɗakin akwai wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Mai kula da ita Falmata ce, 'yar Nguru, wata uku da ɗaukarta aiki, ba a ma tabbatar da ita ba. Baba take kirana. Ta taɓa yi min bayani cewa kowane aiki a cikin sabar yana zaune a nasa kwantena, kamar rumbuna a gida ɗaya, kuma akwai wani inji da ba a gani wanda ke tashin su duka. In bai tashi ba, ba rumbun da zai buɗu. Na gyaɗa kai kamar na gane. Saboda zafin garinmu an cire murfin gefen sabar, an kafa mata fanka, hanjinta duk a waje.

A gida kuwa uwar 'ya'yana, Yagana, tana kwance da ciwon suga. Na'urar gwajinta ta mutu ranar Alhamis. Batirinta wani ɗan faifai ne kamar kwabo. Na cije shi da haƙora yadda muke yi wa batirin rediyo, bai farfaɗo ba. Na zaga kemis uku, kowa ya ce sai an aiko daga Nguru. Ranar Juma'a, an kashe komai an tafi masallaci, ina shara sai na hango ɗan'uwansa sak a cikin sabar, yana ƙyalli. Na ce a raina, wannan ƙatuwar aba mai shan wutar sola da janareto, me za ta yi da ɗan kwabo? Na zare shi, na cusa mataccen a gurbinsa, har ina yaba wa kaina da wayo.

Litinin ce ranar rabon irin shuka ga waɗanda ambaliya ta cinye wa gona, kuma sunayensu kaf suna cikin sabar. Tun hantsi mutanen Katuzu suka cika harabar, wasu a babur, wasu a bayan a-kori-kura. Falmata ta kunna, saba ta tashi, injin kwantena ya ƙi. Ta sake tashinsa, ya faɗi. Ta duba ko ma'ajiyar ta cika, da sauran wuri. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya ina ba da shawara.

"'Yata, ko a tofa mata addu'a? Kayan nan ba su da amana."

Wallahi a lokacin ban haɗa abin da ɗan kwabona ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, zuciyata ta haɗa, ni ne na ce mata ta yi shiru.

Sakataren ƙungiya, Alhaji Sale, ya shigo yana huci. "Falmata, tun farko na ce aikin nan ya fi ƙarfinki. In aka kira la'asar ba sunaye, ki tattara ki koma Nguru." Ta koma kan aikinta, ta ci gaba da danna madannai.

Can bayan azahar ta buɗe wani dogon rubutu inda injin ke faɗin abin da ke damunsa. Ta karanta, sannan ta ce, "Alhaji, agogon ne. Sabar ta ɗauka muna shekarar da aka ƙera ta. Injin ya duba takardar shaidarsa ya ga kwanan watanta bai zo ba, shi ya sa ya ƙi tashi." Ta gyara lokaci, abu ya tashi, na yi kabbara fiye da kowa. Ba a kira suna goma ba aka juya wuta daga sola zuwa janareto, saba ta mutu ta dawo, agogo ya sake komawa zamanin da.

"Kin gani? Ba ki iya ba!" in ji Alhaji.

Ta durƙusa, ta haska fitilar waya cikin hanjin sabar, ta zaro ɗan faifan, wanda ashe shi ke riƙe wa sabar agogo in wuta ta ɗauke. Ta juya shi a tafin hannunta. Ga shatin haƙori biyu, ga jan goro ya bushe a cikin ramin. Duk ofishin nan mutum ɗaya ne mai cin goro, kuma haƙoran gabansa biyu ne suka rage. Ta ɗago ta dube ni. Sai ta rufe hannunta.

"Batirin ne ya tsufa, Alhaji. Laifina ne, ban duba ba."

"To tsufan nan ya cinye miki aiki."

Na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta lokacin da yarinyar da na haifi kamarta ta ɗauki laifina ta aza a kanta ba. Na jingine tsintsiya, na ce, "Alhaji, a buɗe hannun nan." Na wangale baki na nuna musu haƙoran, gaban manoman da suka leƙo ta taga. Wani dattijon Katuzu ya ce, "Ikon Allah, yau ga ɓera da hula!" Aka fashe da dariya. Da na faɗi dalili, dariyar ta mutu, kuma wannan shirun ya fi ta ciwo.

Falmata ta sake saita agogo, ta hana kowa taɓa wuta, aka gama rabo kafin magariba. Ita aka bar ta a aikinta. Ni aka karɓe makullin ɗakin, aka bar min tsintsiya. Na ce zan je in ɗauko batirin, ta ce, "Baba, bar wa Iya. Da ka tambaye ni, akwai biyu a durowata." A durowar da nake goge wa ƙura kullum.

Yagana ta rasu kafin a girbe shinkafar da aka shuka da irin nan. Falmata ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata har yamma. Na'urar tana nan a ƙarƙashin matashina, wani lokaci nakan kunna ta ba don komai ba. Har yau batirin sata bai mutu ba, agogonta ko minti ɗaya bai ɓata ba.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga ƙaramin abu zaune cikin babba, ba hutawa yake yi ba. Kuma in za ka yi ɓarna da haƙori biyu, ka fara wanke bakinka, ko kuma ka buɗe shi ka tambaya.