Ƙofar Datti Ta Fi Ni Buƙatar Bel

Jama'a, jiya saura ƙiris ku zo mini ta'aziyyar kaina, kuma dokar kare rai ce ta so aika ni lahira.

Na shiga tasin Datti daga unguwar Congo-Russia zuwa Naraguta. Mu biyu aka cusa a gaba: ni a bakin ƙofa, sai Mama Firisila, maƙwabciyarmu mai kiwon kaji, ta ɗora mini kwandon ƙwanta a cinya. Wani mai otal ne ya ce in ta kai su lafiya, ita za ta riƙa kawo masa.

To, ƙofar Datti ta rabu da makullinta tun bara. Bel ɗin kujera ke riƙe da ita, ya ɗaure shi tamau a taga.

Sai ga mai kaki ya tsayar da mu. Ashe makon nan Mai Girma Sarkin Jawabi ya tara mutane, an ci shinkafa, an yi tafi, ya ce kowa ya sa bel.

"Direba, fasinjanka bai sa bel ba!"

"Oga, ai ƙofa ce ta sa."

"Ƙofa fasinja ce?"

Na ce, "Yallaɓai, na yi makaranta, na san amfanin bel, amma in aka kwance..."

"Yawwa ɗan boko! Da kai za a yi koyi."

Aka kwance ƙofa, aka ɗaure ni. Birki? Bai tambaya ba. Tayar da ta yi sanƙo? Ya ma jingina da ita. Madalla da aiki!

Muna isa kududdufin kuza, inda babu ko sandar kariya, muka faɗa ramin titin nan da ya girmi ƙanena. Ƙofa ta wangale, ƙafata ta fita shan iska, ruwa yana kallona.

Mama ta kwarma ihu: "Riƙe ƙwai, ɗana! Kai ai an ɗaure ka!"

Na riƙe. Bel ya riƙe ni, ban musa ba. Amma wa zai cike ramin? Wa zai duba motocin? Haushina ma Datti dariya yake yi, wai haka Allah ya so.

Mama ta tuɓe ɗankwalinta ta ɗaure ƙofar. Ƙwai sun isa, mai otal ya karɓa, ban da waɗanda wandona ya sha.

Don Allah kada kowa ya ba Mai Girma labarin ɗankwalin nan. Sai ya yi dokar a mayar da shi kan Mama, ƙofa ta sake buɗewa.