Yadda Ake Aron Gwauruwa Ranar Buɗe Gidaje

Kai da aka naɗa shugaban kwamitin gidajen talakawa, matso kusa. An gina gidaje, an shafa musu farar ƙasa, ka riga ka raba su ga waɗanda suka cancanta, wato danginka. Sai ga labari babban baƙo na tafe daga Kaduna, yana son ganin talakan da aka tsugunar, ya gan su da idonsa. Kada ka damu. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a tafa maka, talaka kuma ya koma inda ya fito kafin rana ta faɗi.

Dabarar ta Malam Wilfred ce, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya a nan Kafanchan, wanda ya gwada ta a daminar shekarar saba'in da bakwai. Inda ya yi daidai ka bi sawunsa. Inda ya zame zan nuna maka.

1. Zaɓi gwauruwar da ta dace

Kada ka ɗauko mai jiki, za a ce tana ƙoshi. Kada ka ɗauko mai baki. Wilfred ya zaɓi Mama Afiniki, mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a tashar jirgi. Ruwan Agusta ya rushe ɗakinta, tun daga nan take kwana a kicin ɗin coci tsakanin manyan tukwanen biki, tabarmarta ba ta bushewa. Ba ta da ɗa a gari, ba ta da mai shigar mata faɗa. Irin wannan ake nema, kuma godiya ga Allah ba su da wuyar samu.

2. Yi mata bayani, amma a taƙaice

Wilfred ya ce mata ta zo ta zauna a gidan farko, na bakin hanya, don baƙo ya ga yadda gida ke kyau da mutum a ciki. Bai ga amfanin gaya mata gidan na Leonard ne ba, ƙanen matarsa, wanda har ya samo ɗan haya. Dogon bayani yana sa wa talaka ciwon kai. Ta ce to, Allah ya sa albarka.

3. Kada ka nemi hayaƙi

Ka karanta wannan sau biyu, don a nan malamin ya zame. Da safe ya tsaya ya ƙare wa gidan kallo, ya ga kamar babu rai a cikinsa, sai ya ce ta ɗan hura wuta a tsakar gida baƙo ya ga hayaƙi. Mutumin da ya daɗe yana cin girkin risho ya manta abin da kakarsa ta sani. A wajen mutanen su Afiniki, mace ba ta kafa murhu a gidan da ba a yi wa addu'a ba. In kuwa aka yi addu'a, maƙwabta suka ci tuwon farko, to gida ya zama nata.

Ita ba ta manta ba. Ta koma kangon ɗakinta ta tono duwatsun murhunta, ta biya ta gaya wa shugabar Zumuntar Mata cewa za ta hura wuta a sabon gida. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma babu ƙarya a ciki.

4. In mata suka fara waƙa, ka yi murmushi

Kafin motar baƙo ta iso, matan zumunta sun cika layin da zanensu iri ɗaya, da ganguna, da ƙwaryar acca, ga fasto a baya yana tura kekensa. Baƙo ya ce bai taɓa ganin talakawa masu farin ciki haka ba. Ya nemi makulli, ya danƙa wa Afiniki a gaban mai hoto, ya zauna ya ci tuwon acca har da ƙari. Fasto ya yi wa gidan addu'a, sannan ya roƙi dattijo Wilfred ya rufe addu'ar. Haushi kamar ya kashe shi, amma ya rufe ido, ya roƙi Ubangiji ya zaunar da baiwarsa a gidan nan har ƙarshen ranta. Mata suka amsa da Amin mai ƙarfi.

5. Kada ka koma karɓar makulli

Shi ya koma, washegari da sassafe. Ya same ta tana shara.

"Mama, biki ya ƙare. Makullin fa?"

"Ɗana, wuta ya riga ya kama," in ji ta. "Kai ne ka rufe addu'a jiya. Je ka gaya wa Ubangiji ka fasa. In ya yarda, sai ka dawo."

Bai dawo ba. Matan zumunta sun mai da barandar wurin koyon waƙa, Leonard kuma ya daina gaishe shi a kasuwa.

6. Mai da asara ci gaba

A nan Wilfred ya sake zama gwani. Ya sa hoton a gilashi, duk taron da ya je sai ya ɗaga shi, ya ce ga shaida garinmu yana kula da marasa galihu. Ka yi koyi da shi. Babu mai tambayar sauran gidajen in dai hoto ya fito da kyau.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu babu ruwansa in gwauruwarka ta zauna daram, ko surukinka ya yi fushi, ko Ubangiji ya ɗauki addu'arka da gaske. Sauran matan da ke kwana ruwa na zuba a kansu kuma kada su sa rai, su zo suna buga mini ƙofa. Kuskure ne aka yi, an kuma gyara. Da aka zo buɗe gidaje na gaba, Wilfred ya aro gwauruwa daga garin Gidan Waya, ya hana hura wuta, ya mayar da ita a motar yamma.