Gwajin Rigar Waya a Ƙofar Jatau

Ranar da na sayi sabuwar waya, na haɗa mata da riga mai kauri kamar tayar mota. Mai shagon ya rantse ko daga bene ta faɗo, babu abin da zai same ta. Ko gida ban biya ba, na zarce majalisarmu ta Ƙofar Jatau, ina ɗokin nuna musu ita.

Malam Sabo tela ya jujjuya ta, ya ce, "Kai dai lallaɓa abarka."

Na ce, "Lallaɓawa? Ku matsa ku sha kallo!"

Na haye dakali, na ɗaga hannu sama, na sake ta. Rigar ta daki ƙasa ta yi tsalle, wayar ta fice daga ciki kamar gyaɗa daga ɓawo, ta kife a kan dutse. Gilashin ya yi raga-raga.

Malam Sabo ya ɗauki rigar, ya hure ta, ya ce, "Wallahi mai shago bai yi ƙarya ba. Ko ƙwarzane babu."

Har yau in na doso, sai su haɗa baki: "Injiniya, ya jikin riga?"