Clive Pomfret da Tumakin Madam Thwaite

"Duk faɗin Ingila," in ji Clive Pomfret, "babu ganyen da zai tsiro ban san sunansa da na kakansa ba."

A cikin bas ya faɗi haka, a hanyar zuwa lambun Madam Thwaite, a tsaye, ya dogara lema kamar sandar mulki. 'Yan ƙungiyar lambu ta ƙauyenmu suka gyaɗa kai. Ka san halinmu: ba mu iya ce wa mutum ƙarya yake ba, sai dai mu yi murmushi mu kalli taga. Clive a kamfanin inshora ya tsufa, lambu kuwa a littafi ya fi saninsa. Amma shugaban ƙungiya zai sauka, zaɓe mako mai zuwa, masu ƙuri'ar duka suna cikin bas ɗin nan, shi kuma har ya ɗinka sabon kwat na hawa kujera.

"Clive, zauna," in ji matarsa Beryl. "Kuma don Allah yau ka bar hannunka a aljihu."

"Ke dai zuba ido."

Madam Thwaite sau ɗaya a shekara take buɗe lambunta ga jama'a, a watan Mayu, idan sanyi ya saki ƙasa komai ya yi fure. Ta tarye su cikin takalmin roba da tsohuwar malafa, ta shige gaba. Da aka zo gindin bishiyoyin tuffa, inda ta bar ciyawa ta yi tsawo, Clive ya girgiza kai cikin tausayi.

"Sakaci ke nan, jama'a. Ku dubi wannan. Muguwar ciyawa ce, in aka ƙyale ta baɗi har ɗakin kwana za ta shiga."

Ya sunkuya ya tumɓuke wani ɗan tsiro mai fure shuɗi-shuɗi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Madam ta dube shi, ta dubi tsiron. "Af, ka gano shi. Tun mijina na da rai nake jiran ya yi fure. Ba komai, Mista Pomfret."

A wajenmu in tsohuwa ta ce maka ba komai, gara a ce ta mare ka. Gwanin naka ya durƙusa zai mayar, ya danna ƙasa da dunduniya, kan furen ya tsinke fit.

"Taka shi da kyau, Farfesa," in ji tsoho Wilfred, ma'ajin ƙungiya. "Na ga kamar yana motsi."

Aka zauna shan shayi a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawar gaban gida. Kowa ya yi wa Clive kirki ƙwarai, wato aka yi ta yi masa zancen hadari. Yana tauna kek yana jin kujera na zamewa daga ƙarƙashinsa. Can sai ya ɗaga ido, ya hango mafita: tumaki, garke guda, a ƙarshen ciyawar, ba shinge ba waya tsakaninsu da jajayen furannin tulif na Madam.

"Tumaki!" Ya zabura. "Kowa ya zauna, ni na san maganinsu!"

"Clive, kada ka..."

Ina! Ya ɗaga lema, ya kwasa da gudu yana "Kai! Kai! Ku wuce, ɓarayi!" Ba laifi, gudun ya yi kyau ga mai shekarunsa. Ana cikin kallonsa, sai aka daina ganinsa.

Irin waɗannan manyan gidaje, dogon rami ake haƙawa a ƙarshen ciyawa, a gina masa bango daga ciki, don dabba ta kasa hawowa, mai gida kuma ya ga fili ba abin da ya tare masa ido. Kowa ya san haka. Tumakin ma sun sani. Suka matso bakin ramin suka leƙa baƙon da ke kwance cikin taɓo.

"Lafiyata ƙalau!" muryarsa ta fito daga ƙasa. "Dubawa nake yi ko ginin na da ƙwari!"

Bangon ya fi ƙarfin hawa. Ya rarrafa ya fita ta ɓangaren tumaki, ya bi gefe yana ɗingishi har ya sami 'yar ƙofar katako, ya buɗe ya shigo, ƙirji a gaba, kwat na ɗigar laka. Abu ɗaya ake koya wa yaron ƙauye kafin ya iya ɗaura takalmi: ƙofar da ka buɗe, rufe ta. Clive ɗan birni ne.

Haka ya iso wurin shayi, tumaki na biye da shi a layi kamar 'yan rakiya. Tun zamanin kakannin Madam suke hangen furannin nan daga nesa. Ba su ɓata lokaci ba.

Madam ta ajiye kofinta a hankali. "Wa zai ƙara shayi?"

Ranar zaɓe ba wanda ya ta da maganar. Aka ɗaga hannuwa, Beryl ta ci, ita da ko takara ba ta tsaya ba. Clive ya miƙe zumbur.

"Beryl? Me ta sani game da lambu?"

"Farfesa," in ji Wilfred, "matar da ta yi shekara da shekaru da kai a gida ɗaya, kuma har yau akwai sauran fure a bayan gidanta, ai babu annobar da za ta gagare ta."