Sanarwar Rasuwar Na-Bawa, Keken da Anka Koya wa Magana da Motoci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Safiyatu mai daddawa ta Gangara nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk mai bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa, rasuwar kekenmu Na-Bawa. Ya rasu ranar kasuwar Bafarawa, shina jingine a gindin tsamiya, bai tare hanyar kowa ba.

Marigayin keken mijina Bawa ne, Allah shi jiƙan shi. Da Bawa ya kwanta dama, ɗana Lawwali ya gaje shi, kuma bisa bayansa daddawata ke zuwa kasuwa, abin da gidanmu ke ci ke nan. Na-Bawa mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Bai taɓa shan mai ba sai ɗan digo a sarƙa. An yi mishi faci har faci ya hau faci, bai yi ƙorafi ba. In ya hau tudu shina cewa ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar tsoho mai ciwon gwiwa, in ya gangara ya yi shiru. Ƙararrawarsa kuwa, ƙiriring, ko akuyar da ba ta jin magana tana ba shi hanya. Babban halinsa shi ne bai da surutu. Bai taɓa gaya wa kowa inda za shi ba, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san darajar wanga hali a zamanin da muke ciki.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da wasu mutane sunka zo ƙofar mai gari cikin farar mota, da huluna iri ɗaya. Sun ce gwaji sunka zo yi don ceton rayukan masu keke. Za su ɗaura wa keke wani ɗan akwati kamar na ashana, shi riƙa magana da mota ta iska, ba waya, shina gaya mata ga ni nan, ita kuma ta gaya wa direba. Lawwali, mai mata da 'ya'ya, bai zo ya tambaye ni ba. An ba shi hula, ya miƙa keken ubansa. Sunka kwance ƙararrawa don akwatin shi sami wurin zama.

Tun ranar ban yarda da abin ba. Akwatin ya yi ta ƙifta koren ido shina ɗit, ɗit, ko da keken na tsaye a zaure. Na ce wa Lawwali ya tambayo mini wace mota ke da kunnen jin wagga magana. Ya dawo ya ce a yanzu tasu kaɗai. To a-kori-kurar da ke jigilar gero fa? Ba ta ji. Motocin itace? Ba su ji. Na ce to wa kuma ke ji, tunda iska ba ta da ƙofa? A ƙasar da ko maƙwabcinka ba ka gaya wa hanyar da za ka bi saboda mutanen daji, an ba keke baki shina shela. 

Ga yadda rasuwar ta kasance, kuma akwai shaidu. Lawwali ya sauke kaya, ya jingine keken a inuwa, ya tafi sallar azahar. Sai ga farar motar ta baro kwalta. Su da bakinsu sun ce maganar akwatin sunka biyo, don su duba ko shina aiki. Direbansu, wani Muntaka, idonsa na kan ɗan gilashin da ke nuna mishi saƙon akwatin, ya yi baya da mota ya hau Na-Bawa. Masu awon hatsi sun ce ƙara ɗaya ya yi, ƙwaras, sannan tayar gaba ta yi ta juyawa ita kaɗai har ta tsaya. Bayansa ya karye. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai, ya yi mana gaisuwa. Akwatin ko ƙwarzane bai yi ba.

Shekara da shekaru Na-Bawa na bin hanyar nan, ba motar da ta san inda yake, ba wadda ta taɓa shi. Sai da ya fara gaya wa mota inda yake, mota ta zo ta same shi.

An aiko mini ta bakin mai gari cewa ƙaddara ce, in yafe. Mu mutanen yafiya ne. Direba ya kaɗe maka akuya bai gani ba, ka ce Allah ya kawo, shi wuce. Da cewa anka yi motar ba ta san da shi ba, da na yafe tun kafin a roƙe ni. Amma a saƙon nan dai anka ƙara da cewa akwatin bai da laifi, ya yi aikinsa, ya sanar da motar a kan lokaci. To ku tsaya nan, masu huluna. In ya sanar da ita, da saninta ta taka shi, kuma abin da anka yi da sani ba a kiran shi ƙaddara. In ko bai sanar da ita ba, ƙarya kunka yi wa mutanen Gangara a ƙofar mai garinsu. Ku zaɓi ɗaya. Ban yi boko ba, amma ba a cusa mini duka biyu in haɗiye.

Marigayin ya bar famfonsa, wanda yanzu bai da wanda zai hura wa iska. Ya bar igiyar roba da kwandon kaya. Ya bar Lawwali shina tafiya a ƙasa, na kuma hana shi sa hular nan cikin gidana. Ya bar ni da daddawa tuli a ɗaki, ba mai kai ta kasuwa, da jikoki masu buɗe baki safe da yamma. Akwatin ba ya cikin magada.

Game da jana'iza: gawa na zaure, an lulluɓe ta da buhu. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba a sayar da ko ƙusa. Ana karɓar gaisuwa a gidana, kuma wanda ya zo ce mini in yi haƙuri ya sha ruwa ya koma. Bayan sadakar uku, in ba a kawo mini wani keke ba, mai lafiya, wanda ba ya magana da kowa, maƙwabcinmu Yero ya yi alkawarin amalanken shanunsa. Za mu ɗauki mamacin zuwa Sabon Birni, ƙofar gidan da ku masu huluna kuke sauka, mu ajiye shi nan. Za ni shimfiɗa tabarmata kusa da shi, da dukan daddawar da ba ta je kasuwa ba, a buɗe, cikin rana. Akwatinku na ɗaure a wuyansa shina ƙifta ido, don kada motarku ta ce ba ta san inda muke ba.

Allah shi ba mu haƙurin rashi, shi kuma fid da mai gaskiya.